Dariya ta ƙwace mini a Hanyar Gicciye, yanzu surukata ba ta amsa gaisuwata

Anti, salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Ni matar aure ce a Kaduna, shekarata 29, 'yar Katolika, kuma ina cikin mawaƙan cocinmu. Tun ina ƙarama an san ni da barkwanci, in na shiga wuri sai an yi dariya. Muna zaune da Mama, mahaifiyar mijina, tun bayan rasuwar Baba bara, lokacin saura mako biyu Ista. Tun ranar Larabar Toka, ranar da muke fara Azumin kwana 40 kafin Ista, Mama ta kafa doka a gida: ba rediyo, ba wasan yara a tsakar gida, ba dariya har a tashi Azumi. Ta ce mai dariya a lokacin nan yana taya waɗanda suka gicciye Yesu ne.

Ranar Juma'ar da ta wuce muna Hanyar Gicciye, addu'ar da ake bin wahalar Yesu zango-zango, mun kai zango na 9, kowa ya durƙusa, Malam Katikis, mai koyar da addini a cocinmu, ya karanta cewa Yesu ya faɗi karo na uku. Coci ta yi tsit. Sai ɗana mai shekara 4 ya ɗaga murya ya ce, "Mami, ya sake faɗuwa? Wai ba wanda zai riƙe shi ne?" Na cije leɓe, na toshe baki da gefen ɗankwali, amma ina! Dariya ta ƙwace, mata biyu a gefena suka kama. Mama ta yi mini wata harara da ban taɓa gani ba. Da muka dawo gida kuma ta tarar da ni a kicin ina kwaikwayon yadda Malam Katikis ke in'ina, ƙannen mijina suna ta ƙyaƙyatawa. Yau kwana biyar ba ta amsa gaisuwata. Mijina ya ce in yi haƙuri kawai, shi ba ya shiga maganar mata. Anti, na yi zunubi ne? Kuma dole ne Kirista ya ɗaure fuska kwana 40? Ni dai na fara jin kamar halina ne bai dace da addini ba.

Mai neman shawara, Kaduna

'Yata, salama a gare ki da gidanki duka.

Bari in fara furta nawa laifin kafin in zo kan naki. Da na karanta maganar ɗanki, sai da na ajiye wasiƙar na yi dariya har da hawaye, kuma ni ma cikin Azumin nake. In akwai hukunci, layi ɗaya za mu bi ni da ke.

Amma da na share ido na sake karantawa, sai jikina ya yi sanyi. Cikin duk waɗanda suka durƙusa a cocin nan ranar, ina jin ba wanda ya kasa kunne kamar yaron nan. Mu manya mun ji "ya faɗi karo na uku" har ya zame mana kamar kukan zakara, baki yana amsawa, zuciya tana can kan kuɗin makaranta da miyar dare. Shi kuwa yana lissafi. An ce ya faɗi a zango na 3, an ce ya faɗi a na 7, ga shi an sake faɗa a na 9, ga jama'a danƙam, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai miƙa hannu. Ai dole ya tambaya. Zango 14 ɗin nan an jera su ne don wani ya ji abin ya dame shi kamar yadda ya dami ɗanki. Don haka in kin riga kin ranƙwashe shi, ki saya masa mangwaro ki ba shi haƙuri.

Sai batun zunubi, wanda amsarsa gajeriya ce. A koyarwar Ikkilisiya, kafin abu ya zama zunubi mai kisa sai abu uku sun haɗu: al'amarin ya zama babba, mutum ya san haka, sannan ya yarda ya aikata da gangan. Ke kuwa kin cije leɓe, kin toshe baki. Dariyar da ta ci ƙarfin mai ita 'yar'uwar atishawa ce. In abin ya ci gaba da tsaya miki a rai, ki faɗa wa Fada ranar da kika je furta zunubi, ba laifi, amma ina kyautata zaton shi ma sai ya cije nasa leɓen.

Na san irin wannan dariyar a jikina. Wata Alhamis Mai Tsarki, wato Alhamis ɗin makon Ista, ina budurwa a ƙauyenmu, aka zaɓi mutum 12 da Fada zai wanke wa ƙafa, cikinsu har da wani dattijo mai kwarjini wanda yara ke gudu in sun hango shi. Ya sha babbar riga, ya zauna kamar alƙali. Fada ya durƙusa, ya zuba ruwa, ya sa tawul a tafin ƙafarsa. Ashe bawan Allah yana jin cakulkuli. Sai muka ga kafaɗarsa tana rawa, gemu yana karkarwa, ya kame haƙarƙari, daga baya wani ɗan siririn sauti ya fito daga hancinsa kamar kukan ɗan tsako. Mu 'yan mawaƙa waƙar ta watse a bakinmu. Fada bai ɗago ba, ya gama goge ƙafar, ya sumbace ta, ya wuce na gaba, sai dai kunnuwansa ma sun nuna abin da yake haɗiyewa. Shekaru sun shuɗe, wa'azin daren ya ɓace mini kaf, amma duk shekara in aka karanta yadda Bitrus ya ce ba za a wanke masa ƙafa ba, ƙafar dattijon nan nake gani, da kaushinta da komai, a hannun Fada. Dariyar ce ta adana mini darasin.

To dokar Azumin fa, me ta ce? Ta ce a yi azumi ranar Larabar Toka da ranar Juma'ar da aka gicciye Ubangiji, wato cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa safe da yamma, ga wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Ta ce wanda ya kai 14 ya bar nama a waɗannan ranaku da Juma'o'in Azumi. Ta kira mu ga addu'a da sadaka da tuba. A coci an ajiye Halleluya sai daren Ista, an rage kiɗa da furanni, Fada ya sa shunayya. Ki duba daga farko har ƙarshe, ba inda aka ambaci haƙora.

Abin da ya fi haka ma, ki tuna Bisharar da aka karanta mana ranar da aka shafa mana toka. Ita ce kullum, ba ta canjawa, Matiyu sura 6, inda Yesu ya ce in muna azumi kada mu turɓune fuska kamar munafukai, mu shafa mai a ka, mu wanke fuska, kada mutane su gane. Ni wannan yana ba ni dariya duk shekara: a karanta mana "wanke fuskarka", nan take kuma a jera mu a dangwala mana toka a goshi. Ikkilisiya ta san abin da take yi. Tokar tana cewa kai ƙasa ne, ƙasa za ka koma, Bisharar kuma tana cewa kada ka mai da wannan abin taƙama. Wanda ya yini yana cin magani don maƙwabta su ce wane akwai ibada, ya riga ya karɓi ladansa a tsakar gida.

Ki ɗauko kalanda kuma ki ƙirga. Daga Larabar Toka zuwa Asabar ɗin jajibirin Ista kwana 46 ne. Ki cire Lahadi 6, sai ki sami 40. Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, ko Azumi bai isa ya mai da ita ranar makoki ba. Lahadi ta 4 ma, wadda ke tafe, sunanta na Latin ma'anarsa "ki yi murna", daga waƙar shiga ta ranar da aka ɗauko a Ishaya 66, mai kiran Urushalima ta yi farin ciki. Ranar an yarda a sa furanni a bagade, a saki kiɗa, kuma Fada, in yana da ita, ya ajiye shunayya ya sa riga mai ruwan hoda. A cocinmu samari kan ce ya ɗinko ankon ƙawayen amarya. Sau biyu kawai ake sa rigar a shekara, ɗayan a Lahadi ta 3 cikin Lahadi huɗun jiran Kirsimeti. Har a addu'ar da Fada ke yi kafin "Mai Tsarki, Mai Tsarki" a lokacin Azumi, akwai inda ake gode wa Allah don yana ba mu jiran Ista kowace shekara cikin farin cikin zukatan da aka tsarkake. Fafaroma Francis ya rubuta a 2013 cewa akwai Kiristocin da rayuwarsu kamar Azumi ce marar Ista, ya kuma ce mai kai Bishara bai kamata ya yi kama da wanda ya dawo daga jana'iza ba. A watan Yunin 2024 ya tara masu wasan barkwanci sama da 100 daga ƙasashe daban-daban a fadar Vatican, ya yaba musu sana'arsu. Saboda haka maganar cewa halinki bai dace da addini ba, ki tofar da ita. Gidan bangaskiya ma da dariya aka aza harsashinsa. Ibrahim ya yi, Saratu ta yi a bayan labulen alfarwa har ta musa, kuma ɗan da aka haifa aka sa masa Ishaku, sunan da ma'anarsa dariya ce.

Kada ki yi saurin tashi ki kai wa Mama wannan takarda kina cewa ga shi an ba ki gaskiya. Ban gama ba.

Mama ba ta ƙirƙiri dokarta daga iska ba. Waliyyi Benedik, wanda ya tsara wa sufaye ƙa'idar zama a ƙarni na 6, da ya zo kan Azumi cewa ya yi kowa ya rage wa jikinsa wani abu: abinci, abin sha, barci, yawan surutu da shaƙiyanci. Bai ɗiga aya a nan ba, ya ƙarasa jimlar da cewa a jira Ista mai tsarki da murnar marmari na ruhu. Kin ga a numfashi ɗaya ya ba Mama rabi, ya ba ki rabi. Rage raha a Azumi horo ne mai kyau, musamman ga irinmu da baki ba ya gajiya. Ni nama bai taɓa ba ni wuya ba, mu da muke ganinsa sai an yi biki. Wasu ma Juma'ar Azumi ce ranar da suke cin farfesun kifin da ya fi nama tsada, su share baki su ce sun yi horo. Abin da ke ba ni wuya shi ne in ji magana mai daɗi ta zo bakina a kan wani, in haɗiye ta.

Wannan ya kawo ni kicin ɗinku. Kin ba wa dariyar coci layi da yawa a wasiƙarki, kin ba wa kwaikwayon Malam Katikis layi ɗaya, kin wuce da sauri kamar mai tsallake kwata. Ni kuwa a nan na tsaya. Na coci ya faɗo miki ne, na kicin ke kika ɗauko shi, kika gyara murya, kika jira 'yan kallo. Mutumin nan yana da in'ina, ya san yana da ita tun kafin a haife ki, kuma duk da haka yana tashi gaban jama'a kowace Juma'a ya yi kokawa da harshensa zango 14. Kin san irin albashin da ake ba Katikis, ba sai na faɗa ba. Abin da ya fi jin tsoro a duniya shi ne abin da kika yi a bayan idonsa.

Ki karanta labarin wahalar Yesu da kunnen mai barkwanci, za ki ji dariya cike da shi. Sojoji sun yafa masa jan alkyabba, sun ɗora masa rawanin ƙaya, suna durƙusawa suna "ranka ya daɗe, sarkin Yahudawa". An ɗaure masa ido, ana marinsa ana cewa ya faɗi wanda ya mare shi. Masu wucewa suna kaɗa kai suna cewa ya ceci wasu ya kasa ceton kansa. Wasan kwaikwayo ne sosai, kuma na tabbata 'yan kallo sun ƙyaƙyata. Hausa ta raba abubuwan nan da kyau, raha daban, ba'a daban. Da Mama ta ce mai dariya yana taya masu gicciyewa, ta yi kuskure a kan dariyar coci, amma kibiyarta ta sami wani abu a kicin.

Gwajin da nake yi wa kaina mai sauƙi ne: wa ya biya kuɗin dariyar nan? Waliyyi Lorens, dikin ɗin Roma, wato mai hidimar coci, da aka kashe a shekara ta 258, labarin da aka gada ya ce an gasa shi ne a kan wayar ƙarfe, kuma yana cikin wuta ya ce wa masu azabtar da shi su juya shi, wannan gefen ya gasu. Kamar yana magana da mai tsire. Har yau masu dafa abinci da masu barkwanci suna ɗaukarsa waliyyinsu. Waliyyi Filibus Neri, wanda ya rasu a 1595, da ya ga mutanen Roma sun fara kallonsa kamar mala'ika, sai ya aske rabin gemunsa ya fita gari a haka. Su biyun daga aljihunsu suka biya. Ko Yesu da ya zana mutum mai gungume a ido yana leƙen ɗan hakin idon ɗan'uwansa, da masu tace sauro su haɗiye raƙumi, girman kai yake soka, bai taɓa yi wa gurgu ko bebe ba'a ba. A Bavariya ta ƙasar Jamus an daɗe da al'adar da Fada kan ba da labarin ban dariya a wa'azin Ista don jama'a su yi wa mutuwa dariya, amma da abin ya gangara zuwa batsa da cin fuska, hukumomin Ikkilisiya suka taka masa birki. Mu nan ma mun san haka a unguwa. Maƙwabtanmu Musulmi in azuminsu ya kai kwana 10 yara kan fito tashe, a sa gemun auduga, a cusa tsumma a ciki, gari ya yi dariya cikin watan ibada, ba wanda ya ce azumi ya karye. Amma kowa ya san bambancin ɗan tashe da ɗan iska.

Saboda haka ga azumin da na yanka miki, tunda kin tambaya: daga yau har Ista, har bayanta ma, muryar Malam Katikis ta fita daga bakinki. Wannan kam ki kai shi wurin furta zunubi da sunansa. Kada ki je ki same shi kina ba da haƙuri, bai san an yi ba, gaya masa sabon ciwo ne. Ki gaya wa ƙannen mijinki da bakinki cewa abin da kika yi bai yi kyau ba, don a gabansu kika yi. In kin dafa alale ranar Juma'a ki aika wa iyalinsa. In kuma kwaikwayo ya ciyo ki, ga kanki nan, ki kwaikwayi yadda kika cusa ɗankwali a baki.

Yanzu Mama. Akwai rabin jimla a wasiƙarki da na ja wa layi: Baba ya rasu bara, saura mako biyu Ista. 'Yata, kin rubuta shi kamar kina faɗin lambar gida, alhali shi ne maganar gaba ɗaya. Wannan ne Azuminta na farko ba mijinta. Ranar Ista tana matsawa kowace shekara, kwanan wata ba zai zo daidai ba, amma jiki ba ya bin kalanda. Zafin bazara, ƙamshin turare a coci, shunayyar Fada, waƙoƙin Hanyar Gicciye, duk su ne abin da take ji bara tana jinya ko tana zaman makoki. Saura mako biyu Ista kuma shi ne Lahadi ta 5, lokacin da coci da yawa ke lulluɓe gicciye da siffofin waliyyai da ƙyalle. A makon da aka lulluɓe mata miji ke nan. Da ta hana rediyo, ta kori yara daga tsakar gida, ina ganin ba Yesu kaɗai take wa makoki ba. Mace irin Mama ba za ta iya cewa surukarta "ina kewar mijina, dariyarku tana sa in ji kamar an manta da shi" ba. Abin da za ta iya faɗa, kuma ba mai musa mata, shi ne "Azumi ne". Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ke kika fi ni saninta, amma ki auna wannan ki gani.

In haka ne, duk ayoyin da na jero miki a sama naki ne, don hankalinki ya kwanta. Ko ɗaya kada ki harba mata. Bulus ya ce mu yi murna da masu murna, mu yi kuka da masu kuka, kuma bai ce sai mun tabbatar kukan nasu yana kan ƙa'ida ba. Ki duba yadda Yesu ya yi da mutum biyun nan a hanyar Imuwasu ranar da ya tashi. Ya tarar da su fuska a murtuke, suka ce masa shi kaɗai ne baƙo a Urushalima da bai san abin da ya faru ba. Shi da abin ya faru a jikinsa, sai ya ce, "Wane abu?" In wannan ba zolaya ba ce, ban san zolaya ba. Amma ki ga irinta: ta buɗe musu baki ne, ya bar su suka zazzage cikinsu, ya taka tafiyar kusan kilomita 11 tare da su, sai a kan abinci idonsu ya buɗe.

Ki sami lokacin da take ita kaɗai, bayan ta gama Rosarinta na safe. Ki shiga, ki durƙusa. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle uwar miji. Ki ce, "Mama, na ba ki kunya a coci, kuma abin da na yi wa Malam bai dace ba. Ki yafe mini." Ki tsaya nan. Kada ki ƙara "amma". In ta yi shiru, ki tashi ki kawo mata kununta kamar kullum, gobe ki sake gaishe ta. Gaisuwa bashi ce a kanki, amsawa kuma tata ce.

Bayan kwana biyu sai ki kawo maganar Baba da kanki. Ki ce kina so ku je ku sa a yi masa Mas na cika shekara, ta zaɓi ranar. Ki tambaye ta wace waƙa yake so, ku mawaƙa ku koya. Nan za ki ga abin da ke ƙarƙashin hararar. Wataƙila ta yi kuka, ki bar ta ta yi, kada ki ce "ya isa haka". Sannan ki riƙa tambayarta labarinsa: yaya aka yi ya nemi aurenta, me yake yi in ya ji haushi, wane abinci ne ba ya so. Ban taɓa ganin gwauruwar da ta yi rabin sa'a tana ba da labarin mijinta ba tare da ta kai inda za ta murmusa ba. Kowane namiji ya bar abin dariya a gidansa. Ranar da Mama ta yi dariya a kan wani shirmen Baba, dokar ta faɗi da kanta, kuma ba ke kika kayar da ita ba.

Kina da wani makami ma da ba ki lura da shi ba, wato mai laifin na asali. Abin da suruka ba ta isa ta faɗa ba, jika yana faɗa a yi masa tafi. Al'adarmu ta ba kaka da jika lasisin wasa, shi ne "mijinta", ita ce "matarsa", ya ce ta tsufa zai yi mata kishiya, ta ce ya kawo kuɗin cefane. Kada ki koya masa abin da zai ce, yara ba su iya wasan da aka shirya ba. Ki dai daina janye shi daga ɗakinta don tsoron doka. Ki aike shi ya kai mata ruwa, ki bar sauran.

Dokar gida kuwa, ki bi abin da za ki iya bi da zuciya ɗaya. Rediyo ba numfashi ba ne. Ranar Juma'ar gicciye ma ni da kaina ina tare da Mama, gida ya yi shiru, waya ta huta, yara su ga cewa yau ba kamar kullum ba ce. Amma yaro mai shekara 4 ba a hana shi wasa makonni shida, kuma ba ki so ya tashi yana ganin Azumi shi ne lokacin da Allah ke fushi da yara. Wannan maganar ba taki ba ce, ta mijinki ce. Ki gaya masa, cikin ladabi amma ba da wasa ba, cewa wannan ba maganar mata ba ce, maganar ubansa ce. Shi ma marayan bara ne, kuma ina zargin "ba ruwana" ɗin nan hanyar ɓuya ce. Shi zai zauna da mahaifiyarsa ya ce, "Mama, a bar yara su yi wasa da rana, ranar Lahadi kuma a kunna waƙoƙin coci." Daga bakin ɗanta zai shiga, daga naki zai zama raini.

Kuma ki riƙe ƙarfinki, don aiki yana jiranki. Azumi kwana 40 ne, lokacin Ista kwana 50, har Fentikos. Daren da za a kunna wuta a ƙofar coci, a shiga da kyandir cikin duhu, Halleluya ta dawo, matan Zumunta su saki tulu da kacau-kacau, ana buƙatar masu irin muryarki. Ki tsaya kusa da Mama a daren. Ba lallai ta yi rawa bana ba, kada ki ja ta.

Shi kuma malamin tambaya, ba a ba shi amsa ba har yanzu. Juma'a mai zuwa ku je da wuri kafin jama'a su taru, ki ɗaga shi ya ga hoton zango na 5. Ki nuna masa Saminu Bakurane, mutumin Afirka, daga ƙasar da ake kira Libiya yau, wanda yana dawowa daga ƙauye sojoji suka tare shi suka ɗora masa gicciyen. Ki ce masa ga wanda ya riƙe. Zai tambaye ki to ina ya tafi har Yesu ya sake faɗuwa sau biyu bayan haka. Wannan kam ki tura shi wurin kakarsa.